Babi na Biyar: Wasa Ɗaya, Labari Biyu

Me ya sa duk ƙungiyar da aka ci take cewa alƙalin wasa ne ya cuce ta? Kuma yaya mutum biyu masu hankali, da suka tsaya a bakin fili ɗaya a yammaci ɗaya, za su ba ka labari biyu da ba su ko kama hanyar juna ba?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Dandin Mahe, ko Shagari, ko Bodinga, ya san irin wannan gardama. Sai ka tarar da magidanta da suka daɗe da barin makaranta, wasu sun zama malamai, wasu 'yan kasuwa, wasu na noman fadama, amma da zarar an taɓo wasan da makarantarsu ta yi da abokiyar hamayyarta, sai muryoyi su ɗaga. Wannan ya ce, "Rafali na yak kashe muna wasa." Wancan ya ce, "Ku dai hwaɗa yak kawo ku, ba ƙwallo ba." Kowannensu a shirye yake ya rantse, kuma babu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu.

Amsar da wannan babi zai gina ita ce: tun kafin baki ya goyi bayan wani ɓangare, ido ya riga ya goya. Wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa ƙwallo ba ta yiwuwa sai da alƙali, da dalilin da ya sa kare lafiyarsa da mutuncinsa ya zama wajibi a kan kowa.

Filin da ake wasan

Mu fara da filin kansa, domin ba irin wanda ake gani a gidan kallon ƙwallo ba ne. A garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, filin makaranta yawanci ƙasa ce mai tauri, wani wurin rairayi, wani wurin tsakuwa. Layi da toka ake ja, ko a shata shi da ƙafa, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci ya goge. Sau da yawa babu raga a jikin turaku. Babu shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, jikin mutane shi ne iyakar fili. In lokacin hunturu ne, ƙura na tashi har mai tsaron gida na wannan gefe ba ya ganin na wancan sosai.

A tsakiyar wannan fili akwai mutum ɗaya da usur a baki. Wataƙila malamin motsa jiki ne daga ɗaya daga cikin makarantun biyu, wataƙila wani tsohon ɗan wasa ne da aka roƙa da safe. Masu ɗaga masa tuta ɗalibai ne, ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Yara ashirin da biyu kuma sun shigo da nauyin sunan makaranta da na gari a ka, ga ƙannensu da malamansu na kallo.

A irin wannan wasa ba a minti goma sai an kai wani ƙasa. Wanda aka kayar ya riƙe abin a rai, ya jira damarsa. Kafin a tashi an ɗauke wani a hannu, an ba da fenariti ko an hana, an tafi gida da labari biyu. Mutum zai iya cewa rashin kayan aiki ne ya jawo haka. To amma an taɓa gwada abin a inda kayan aiki suka cika.

Wasan da aka auna a Amurka

A watan Nuwamba na 1951, jami'o'i biyu na Amurka, Princeton da Dartmouth, suka kara a wasan ƙarshe na kaka. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake runguma a ruga da ita, abokan karawa su tare mutum su kayar da shi, kowa da hular kwano a ka. Ba a taɓa cin Princeton ba a wannan kaka, kuma tana da gwarzon ɗan wasa mai suna Dick Kazmaier, wanda a shekarar ya karɓi kyautar Heisman, mafi girma a wasannin jami'o'in ƙasar.

Wasan ya yi zafi tun daga farko. Kafin hutu aka fitar da Kazmaier da karyayyen hanci. Bayan an dawo, aka fitar da wani ɗan wasan Dartmouth da karyayyiyar ƙafa. Princeton ta ci 13 da nema, amma jaridun ɗaliban jami'o'in biyu suka yi makonni suna jifan juna da zargi.

Malamai biyu masu nazarin halayyar ɗan Adam, Albert Hastorf na Dartmouth da Hadley Cantril na Princeton, suka ga dama ta samu. Suka fara da tambayar ɗalibai: wa ya fara ƙeta? A Princeton, kashi 86 cikin 100 suka ce Dartmouth ce. A Dartmouth kuwa, fiye da rabi suka ce duka biyun ne. Daga nan suka nuna wa ɗaliban kowane ɓangare fim ɗin wasan, fim ɗaya babu ragi babu ƙari, suka ce kowa ya ƙirga laifin da ya gani. 'Yan Princeton suka ƙirga wa Dartmouth laifi kusan 10 a matsakaici. 'Yan Dartmouth suka ƙirga wa ƙungiyarsu kusan 4. Har wani tsohon ɗalibin Dartmouth da aka aika wa fim ɗin ya aiko da telegiram yana neman a aiko masa da guntun da aka yanke, domin shi bai ga laifin da ake ta faɗa ba. Alhali ba a yanke komai ba.

An buga sakamakon a 1954, kuma har yau ana karantar da shi a jami'o'i. Mukan ce gani ya kori ji. A nan kowa ya gani, ya sake gani a zaune cikin natsuwa, gardama ba ta mutu ba.

Laifi tudu ne

Me ke jawo haka? A cikin daƙiƙa ɗaya ta wasa abubuwa da yawa ke faruwa, ido kuwa ba ya iya ɗaukar su duka, sai ya zaɓa. Abin da yake zaɓa shi ne wanda zuciya ta damu da shi. In ɗan makarantarku ne da ƙwallo, idonka na kan ƙafafunsa da ƙafar da ke nufo shi. Hannunsa da ya ja rigar wancan tun kafin a kai ga haka bai shiga lissafinka ba, domin ba can kake kallo ba. Na gefe ɗaya kuma hannun kawai ya gani. Hausawa sun daɗe da sanin wannan: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan an tashi sai kashi na biyu ya soma, wato ba da labari. A hanyar komawa gida, a ɗakin kwanan ɗalibai, a wurin mai shayi, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa abin da ya gani. Wanda ke bayan mutane bai ga komai ba, amma bayan ya ji labarin sau da yawa sai hoton ya zauna masa a ka tamkar a gabansa aka yi. Tunanin ɗan Adam ba ya ajiye abu yadda ya same shi, duk lokacin da aka ɗauko labari aka maimaita, ana ɗan gyara shi. Bayan shekara ashirin, ƙetar da 'yan wancan gefe suka yi ta ƙara muni, wadda naku suka yi ta ɓace.

Malamanmu na fiƙihu sun riga masu wannan bincike gane matsalar. Wanda ya karanta Risala ya san ba a karɓar shaidar abokin husuma a kan wanda yake husuma da shi, haka ma shaidar ɗa ga mahaifinsa. Ba wai an ɗauke su maƙaryata ba ne, an dai san so da ƙi suna karkatar da mutum ba tare da ya sani ba. Ƙasar Bodinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, mawallafin Liya'ul Hukkami a kan mulki da shari'a, ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. A bakin filin ƙwallo kuwa, kowane ɗan kallo abokin husuma ne.

Abin da ake nema a wurin mai usur

A dambe hukunci a fili yake. Hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an yi kisa, kowa ya gani, makaɗa sun sauya kiɗa. Ƙwallo ba haka take ba. Faɗuwar ɗan wasa ba ta nuna an yi laifi, rashin faɗuwarsa kuma ba ya nuna ba a yi ba. Dole wani ya auna.

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, hukumar IFAB da aka kafa a 1886 ke kula da su. Doka ta 12 ta kasa ƙeta gida uku. In ɗan wasa ya shiga wa wani da sakaci, bugun tazara ne kawai. In ya shiga da ganganci, bai damu da abin da zai sami abokin karawarsa ba, katin gargaɗi ne. In ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar wani cikin haɗari, jan kati ne. Tsakanin sakaci da ganganci babu layin toka. Alƙali ne zai raba, cikin ƙiftawar ido, yana gudu, wataƙila bayan wani ɗan wasa ya kare masa gani. A manyan wasanni alƙali kan yi gudun kilomita 10 ko fiye kafin a tashi.

Satar gida ta fi wuya. Ana duba matsayin ɗan wasa ne a daidai lokacin da aka bugo masa ƙwallo, ba lokacin da ta iso shi ba. Ke nan mai tuta na buƙatar ganin wuri biyu a lokaci ɗaya: ƙafar mai bugawa da inda mai karɓa yake. 'Yan kallo kuwa ƙwallo suke bi da ido, sai ta sauka su ga ɗan wasa shi kaɗai a gaba, su ɗauki ihu. Da yawa ma ba su san babu satar gida a jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun gola ba.

Katin da kansa daga wasa mai zafi ya samo asali. Ken Aston, Baturen Ingila kuma malamin makaranta, shi ya busa wasan Chile da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1962, wanda aka yi ta naushi har 'yan sanda suka shiga fili. A 1966 kuma, a wasan Ingila da Ajantina, alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, aka daɗe ana jayayya saboda ba su jin harshen juna. Aston ya ɗauko dabara daga fitilun ba da hannu na titi: ruwan ɗorawa gargaɗi, ja tsayawa. Aka fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meziko.

Gogaggun alƙalai sun san mintunan farko ne ke yanke yadda wasan hamayya zai kasance. In aka bar mugun shiga na farko ya wuce ba hukunci, an buɗe ƙofar ramuwa, kowa zai ɗauki doka a ƙafarsa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nauyin ihun jama'a

Akwai wata gaskiya da masu kare alƙalai ba su cika son faɗa ba: ihu yana tasiri. A 2002 wasu masu bincike a Ingila, ƙarƙashin Alan Nevill, suka nuna wa alƙalai 40 hoton wasan Liverpool da Leicester. Wasu suka kalla da hayaniyar 'yan kallo, wasu babu sauti. Waɗanda suka ji hayaniya sun rage hukunta masu masaukin baƙi da kimanin kashi 15 cikin 100. A 2020, da annobar korona ta sa aka yi wasanni babu 'yan kallo, an lura a manyan gasannin Turai cewa katunan da ake ba baƙi sun ragu.

Waɗannan ƙwararru ne, babu mai iya taɓa su. To ina ga wanda ke tsaye a filin makaranta, jama'a sun kewaye shi, babur ɗinsa na jingine a gindin bishiya a tsakiyar magoya bayan masu gida? In ya ba baƙi fenariti a minti na ƙarshe, ta ina zai fita? Idan baƙi suka ce an danne su, wani lokaci da gaskiyarsu. Sai dai ba kullum kuɗi ne ya saye alƙali ba, sau da yawa tsoro ne. An karantar da mu cewa alƙali ba ya yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani, irin su yunwa da tsoro. Jama'ar da ta tsorata alƙalinta ita ta lalata hukuncinsa da hannunta.

Idan kuskuren na gaske ne

Duk wannan ba ya nufin alƙali ba ya kuskure. Ranar 13 ga Fabrairu, 2000, a babban filin wasa na Surulere a Legas, Najeriya da Kamaru suka tashi 2 da 2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, aka je bugun fenariti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi turken sama ta faɗo. Alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Hoton talabijin ya nuna ta tsallake layi. Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3. Wanda ya kalli wasan nan, ko ya saurare shi a rediyo, har yau abin na masa ciwo, kuma yana da hujja.

Irin wannan ne ya sa aka kawo na'urar tantance shigar ƙwallo a gasar duniya ta 2014, da VAR, wato sake duba hoton wasa, a ta 2018. Na'urar layi ta kashe gardamar shiga ko rashin shiga, domin wannan awo ne. VAR kuwa ba ta kashe gardamar ƙeta ba, domin bayan an maimaita hoton, mutum ne dai zai ce sakaci ne ko ganganci.

Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe, kuma da zarar an ci gaba da wasa ba ya komawa baya. Masu dokar sun san zai yi kuskure. Sun dai zaɓi a jure kuskuren mutum ɗaya da ba shi da ɓangare, a kan a bar hukunci a hannun ɗaruruwan da kowannensu ke da nasa. In kuma ana zargin an ba shi cin hanci, wannan babban laifi ne, kuma wurin kai ƙararsa kwamitin gasa ne, a rubuce, da hujja.

Wa ke biyan tara?

Kano Pillars, wadda ta ci gasar Najeriya sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta ɗanɗana abin da fushin magoya baya ke jawowa. A Yunin 2019, a filin Agege na Legas, bayan wasanta da Rangers, aka yi wa alƙali ca, 'yan kallo suka faɗa fili. Aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A Afrilun 2022, wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha ya watse ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙi. Aka ci ta tarar naira miliyan 9, aka kwashe mata maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na ƙasa.

Babu ƙwallo ɗaya da jifa ya taɓa dawowa da ita. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. A matakin makaranta asarar ta fi wannan zafi, ko da babu tarar miliyoyi. Shugabannin makarantu biyu sukan ce a dakatar da wasan gaba ɗaya don gudun fitina, sai a yi shekaru ba a haɗu ba. Yaron da ya kamata a gano a filin garinsu, a kai shi gwaji filin Giginya a Sakkwato, ko ya je ya buga wa jami'a a gasar NUGA da aka fara tun 1966, sai ya gama makaranta babu wanda ya ga ƙafarsa.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi

Makarantun Shagari da Bodinga da Yabo ba za su sayi VAR ba, kuma ba ita suke buƙata ba. Abu na farko, alƙali da masu tutarsa su fito daga wuri na uku, kuma a amince da sunayensu tun kafin ranar wasa. Na biyu, a ja igiya nesa da layi, malamai da dattawan gari su zauna a gabanta, domin yaro ba ya tsallake mahaifin abokinsa ya shiga fili. Na uku, kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, kamar yadda aka yi a gasar Turai ta 2024. Na huɗu, kafin a take ƙwallo alƙali ya tara ƙungiyoyin biyu ya faɗa musu irin shigar da ba zai lamunta ba, ya kuma cika maganarsa a kan wanda ya fara, ko ɗan wane ne. Na biyar, masu masaukin baƙi su ɗauki nauyin raka alƙali da baƙi har su bar gari lafiya. Mutunta baƙo ba sabon darasi ba ne a ƙasar Sakkwato.

Akwai kuma darasin da malami zai iya koyarwa a aji. A ɗauki hoton wasa da waya, a nuna wa ɗaliban ɓangarorin biyu, kowa ya rubuta laifin da ya gani, sannan a kwatanta takardun. Yaron da ya ga da idonsa cewa idon nasa na da ɓangare ya koyi abin da zai amfane shi a gardamar siyasa, da rikicin gona, da zaman aure.

Zafin wasan hamayya ba abin ƙi ba ne. Shi ke cika fili, shi ke sa yaro ya yi gudun da bai san yana da shi ba, shi ya sa ake tuna wasan har tsufa. Abin da ake nema shi ne a sami mutum ɗaya a tsakiya da zai iya busa abin da ya gani ba tare da tunanin hanyar gudu ba. Amma irin wannan mutum ba ya faɗowa daga sama. Wa ke koya masa doka? Wa ke ba shi shaidar ƙwarewa, nawa ake biyansa, kuma me ke sa matashi ya zaɓi usur alhali ya san zagin da ke ciki? Babi na gaba zai bi sawun alƙalin wasa, daga filin makarantar ƙauye har zuwa gasar ƙasa.